Igiyar Ta Nuna Kore

Yayata Sa'a ta yi shekara ashirin da bakwai tana aikin jinya. A unguwar Birni ta Zinder aka haife mu, babanmu baduku ne, kuma ita kaɗai ta jure wa lakwal, wato makarantar boko, a gidanmu, mu duk mun gudu. Da ta gama karatu aka tura ta ɗakin shan magani na wani ƙauye can bayan Hamdara, ba likita a samanta, ba na ƙasa da ita. Tana da ido ƙwarai. Kafin mace ta gama kwance goyo ta san abin da ke damun yaron, har mukan tsokane ta mu ce ta bar allura ta koma duba.

Sai da ta aje aiki, muna ɓarar gyaɗa a tsakar gida, ta ba ni labarin nan.

A shekararta ta shida a ƙauyen, damina ta yi tsakiya, rumbuna sun yi ƙasa, aka sa ta tantance yara masu tamowa. An ba ta igiyar awo da ake naɗawa a damtsen yaro: ja, a kwantar da shi, rawaya, a ba shi abincin gina jiki, kore, lafiya lau. An kuma koya mata ta danna bayan ƙafar kowane yaro da babban yatsa, don wata tamowar kumburi take sawa, yaro ya yi kamar mai ƙiba alhali ruwa ne. In yatsa ya bar rami, sai a kai yaron asibitin Zinder.

Wata ranar kasuwa mata sun fi ɗari a layi. Wata Kaltuma ta miƙo 'yarta Rahama, mai shekara biyu, kumatu cike, ƙafafu cikin safa. Igiya ta nuna kore.

"Madam, ba ta cin komai fa," in ji Kaltuma.

Sa'a ta ga gashin yarinyar ya yi ja ya kwanta. Ta ga ko da ta ja hannunta ba ta yi kuka ba. Zuciyarta ta ce ta cire safar nan. Amma layi na ta turereniya, hadari ya haɗo, ga kuma kore a gabanta.

"Ke dai, dubi kumatunta. Je ki dama mata kunu."

Bayan kwana tara Rahama ta rasu a gida, ƙafafunta sun kumbura har fata ta tsage.

Sa'a ta tafi gaisuwa da niyyar ta faɗi gaskiya, kuma na san ta, ba ta tsoron kowa. Tana shiga, Kaltuma ta taso ta riƙe hannunta a gaban mata.

"Ga Madam nan, ku tambaye ta! Uwar mijina na cewa wai yunwa na bari ta kashe ɗiyata. Madam ta auna ta, ta ce lafiyarta lau. Ko ba haka ba, Madam?"

Tsohuwar na zaune a bakin ɗaki, ta zuba mata ido. In Sa'a ta ce tamowa ce, ta sauke nata nauyin, ta ɗora wa Kaltuma na har abada a gidan nan.

"Haka ne," in ji Sa'a.

Na ji haushinta, na ji tausayinta, har yau ban san wanda ya fi ba. Na ce, "Yaya, to daga baya kin gaya mata?"

Ta girgiza kai. "'Ya'ya huɗu ta haifa bayan Rahama. Duk ni ta kawo wa, ta ce ba ta yarda da idon kowa ba sai nawa."