Turmi a Tsakar Gidan Ƙawata

Ni dai tun ina yarinya kowa ya san ba ni da murya. Idan na ɗauko waƙa, kaji ma watsewa suke yi. Hannu Allah ya ba ni: a Garou, inda muka tashi, babu yarinyar da ke cilla taɓarya sama, ta tafa, ta cafe ta kamar ni. Murya kuwa ta ƙawata ce, wadda zana ɗaya ta raba gidanmu da nasu. In muna lugude, ni in buga ita ta buga, nan take take tsara baiti, kuma yawanci a kaina yake ƙarewa: tsawon wuyana, cin ɗanyar albasata, saurayina mai keke ba birki. Da na buɗe baki zan rama sai ta ce in rufa wa unguwa asiri in ci gaba da daka.

Aure ya kawo mu Malanville mu duka biyu, ita tana turara shinkafa, ni ina kasa albasa a kasuwa. Injin niƙa ya karɓe daka, turmina ya koma kujerar jikoki. Bakinta dai bai yi sanyi ba. Ko a gidan suna muka haɗu sai ta jefe ni da baiti kafin in ajiye takalmi.

Bara waccan, bayan girbin shinkafa, ta faɗi a bakin murhu. Ta dawo daga asibiti hannun dama ba ya motsi, magana kuma ta ɗauke. Tana ji, tana ganewa, amma in ta buɗe baki sai iska. Na tsorata ƙwarai. Nakan je in zauna in yi ta zuba, ita tana kallona, in hau kabu-kabu in yi kukana a bayan ɗan mutane har gida. Ba abin da nake so illa in sake jin muryar nan, ko da zagi ne.

Zancen turmi ba dabarata ba ce. Wata safiya wuta ta ɗauke, injin unguwarsu ya tsaya, surukarta kuma tana son dama mata kunu. Na ce a fito da turmi. Yarinyar ta tuna mini cewa likita ya hana ni ɗaukar ko bokiti saboda kafaɗa, na ce mata likita ba ya nan. Ta ɗauki taɓarya ta biyu tana bugawa a hankali, kamar tana tsoron turmin zai ji ciwo.

Lugude ba ya tafiya babu waƙa, kuma mai waƙar tana kwance a tabarma ƙarƙashin rumfa. Dole na ɗauko tsohon baitin nan na mai keke. Na ja shi da muryar da Allah ya hore mini, na kuma birkita shi, ƙarshe ya dawo farko. Da na waiga sai na ga fuskar ƙawata ta yamutse, hannun hagu yana dukan tabarma. Ai kuwa na ƙara buɗe maƙogwaro, wannan karon da gangan. Daɗi ya kwashe ni, na cilla taɓarya na tafa. Ta kuɓuce mini ta faɗi can, akuya ta yi ta kanta.

Sai ga murya daga ƙarƙashin rumfa, a shaƙe, amma daidai kan bugun surukar:

"Tsohuwa ta jehwa taɓarya,
Taɓarya ta ce sai wata rana."

Surukar ta zauna daɓas a ƙasa. Ni kuwa na ɗauko taɓaryata na ci gaba da daka ina hawaye, don ina tsoron in na tsaya ita ma ta tsaya.

Haka kuwa abin yake. Muddin turmi na amo, kalmomi na fitowa. Da an tsaya sai shiru. Likita ya ce ana samun haka. Tun da iyayenmu sun hana dakan turmi ba komai ciki, maƙwabta suka shiga kawo gero da dawa, na zama mai dakau kyauta da furfurata. Da waƙa take faɗa wa suruka miya ta yi gishiri, da waƙa take kiran jikanta, saura kuma duk nawa ne. Ɗana ya yi faɗa har ya gaji, ya koma sayo mini man zafi.

Da damina ta kama, kafaɗar ta ce ta gama. Na je gidan na zauna kusa da ita, na ce: "Ƙawa, yau ba ni iyawa, hannun ya ƙiya." Baƙin ciki ya cika ni, don gani nake ni na rufe mata baki.

Ta kalle ni. Sannan ta jawo ƙwaryar kununta da hagu, ta kife ta a tabarma, ta fara bugawa da tafin hannu, irin bugun lugude. Da ya daidaita sai ta rera:

"Yau ni ad da daka,
Ke kau ki yi muna waƙa."

Na ɗauko mai keke tun daga farko. Kajin gidan suka watse kamar yadda suka saba, ita kuwa ta bar ni har na kai ƙarshe.