Wutar da Maharbi Ya Hura

Ku gyara zama, ku ara mini kunne. Ga ta nan tafe, amma ba tatsuniya ba ce. Ita tatsuniya in an kai ƙarshenta sai kowa ya karkaɗe zanensa ya tashi. Wannan kuwa a kaina ta faru.

Garinmu yana tsakanin Gwarzo da Kabo. In ka bar titi ka jefa goro a baki, kafin ka gama tauna shi ka iso. Kada ku tambaye ni sunansa. Sunan ya bi mutane zuwa bakin titi, can aka rubuta shi a jikin allo, inda na zauna kuma aka bar shi haka nan.

Kakanninmu sun ce maharbi ne ya sari garin. Daga yamma ya fito, wajen ƙasar Katsina, yana bin sawun gwanki, sai ya tarar da ruwa a gindin dutse. Ya sha, ya ajiye kwari da baka, ya ƙyasta wuta. To wannan wutar, in ji manya, ita ce ba ta taɓa mutuwa ba. Ba wai murhu ɗaya aka keɓe mata ba. A'a. A gari take yawo. In taki ta mutu, ki ɗauki kasko ki leƙa maƙwabta ki ɗebo garwashi. In tasu ta mutu gobe, su zo wurinki. Amarya ranar da za ta fara ɗora tukunya, uwar mijinta ce ke kawo mata garwashi da hannunta. Ni ma haka aka yi mini. Ko da ashana ta zo, fitila ake kunnawa da ita, ba a kai ta murhu. Muna cewa, muddin wutar maharbi na ci a ko da gida ɗaya ne, gari gari ne. Ranar da ta mutu ko'ina, ya zama kufai.

Maigidana marini ne. A lokacinsa karofin garin nan ya fi kasuwa hayaniya, hannun kowane namiji baƙi ƙirin da baba, ƙarar bugu tana kaiwa har gonakin Dugabau in iska ta juya. Sai aka yi titi. Aka kafa famfo a bakinsa, aka ja wutar lantarki, aka gina makaranta. Mutane suka fara tashi, yau gida ɗaya, baɗi gida uku. Duk matar da za ta tashi sai ta ɗebi garwashi a kasko ta riƙe a cinya. Maigidana bai tashi ba, Allah ne Ya ɗauke shi, aka kai shi bayan ganuwa kusa da mahaifinsa. Ramukan rini suka bushe, ƙadangaru suka gaje su.

Daga ƙarshe muka rage mu biyu, ni da maƙwabciyata da kowa ke kira Goggo. Iyayenta makiyaya ne da suka zauna suka kama noma. Ita tana ce mini matar marini, ni ina ce mata 'yar nagge. Kullum da safe ɗayarmu za ta leƙo ta kan katanga.

"Matar marini, kin tashi ko in kira masu wanka?"

"Na riga ki, 'yar nagge. Da sauran ran taki?"

"Wa, ni ko wutar?"

"Wutar nake tambaya. Ke wa ya damu da ke?"

Ɗana na fari, wanda ba na iya faɗin sunansa, yana zuwa duk Juma'a a babur da tsaki da mai da gishiri. Maganarsa ɗaya ce. "Inna, ɗaki na nan na gina miki, har da silin. Me kike gadi a nan?" In ce masa sai an kwana biyu.

Shekarar da ƙafafun Goggo suka ƙi ta, 'ya'yanta suka zo da a-kori-kura suka ɗauke ta zuwa bakin titi. An riga an zaunar da ita a kan buhun dawa ta ce a dakata. Ta sa na zuba mata garwashi a kasko, ta rungume, sannan ta dube ni.

"Kin ga yanzu babu wurin wanda za ki je ɗiba. Ki rage nauyin barci."

Damina biyu na yi ni kaɗai. Wanda bai taɓa renon wuta shi ɗaya ba ba zai gane ba. Jariri ne da ba ya girma. Gungumen ƙirya nake jawowa in cusa kansa a murhu, don shi yake riƙe wuta kwana da kwanaki. In rufe da busasshen kashin shanu, in bi da toka. Biki ba na zuwa. Ta'aziyya in na je, a tsaye nake yi in juyo. Katangun maƙwabta suka narke ɗaya bayan ɗaya, tafasa ta fito a tsakar gidajen da na ci tuwon suna. Wani yinin har rana ta faɗi ban buɗe baki ba sai wajen salla da korar akuya. Akwai ranar da na yi tari, na juya ina neman wanda ya yi.

Sai wata safiya da hantsi na ji sallama. Wani malamin makaranta ne, dattijo-dattijo, da jaka a kafaɗa. Bayan mun gaisa, gida da gajiya da iyali, ya ce yana haɗa ɗan littafi a kan tsofaffin garuruwan yankinmu, abin da ya rage a cikinsu wanda baƙo zai so ya gani.

"Inna, nan ne kufan da aka kwatanta mini?"

"Malam, kufai yana amsa sallama?"

Ya yi dariya, ya cire hula ya mayar, ya ce in yafe masa.

Ga inda kuskurena yake. Gungumen da ke murhu ya cinye tun asuba. Da kara na dama koko, da niyyar in na sha in jawo sabon gungume. Kowa ya san wutar kara, yanzu-yanzu ce. Amma na ce a raina, ai nuna masa rijiya kawai zan yi in dawo. Na watsa 'yar toka a kai, na ɗauki sandata.

Na kai shi rijiyar maharbi, na sa ya taɓa dutsen bakinta inda igiyar guga ta ci har yatsa na shigewa. Na nuna masa kukar da ke da kogo, da turakun da masu cin zuma suka kafa a jikinta. Na kai shi karofi, na faɗa masa mai kowane rami, da wanda ya faɗa cikin nasa ranar kasuwa ya yi wata guda yana shuɗi. Muka hau fa, shimfiɗaɗɗen dutsen nan inda gurabun dara suke a jere, aka ce a nan aka taɓa raba gardamar gona tsakanin unguwa biyu. Muka bi guntun ganuwa. Yana ɗauka da wayarsa, yana rubutu, yana tambaya. "Sai kuma me, Inna? Wa ya gaya miki? Ita ma wa ya gaya mata?"

Ku fahimce ni. Shekara biyu ba wanda ya tambaye ni komai sai ko na ci abinci. Bakina ya buɗe kamar an fasa madatsa. Ya yi azahar a tushen tsohon masallaci, ni na yi a gindin tsamiya, muka ci gaba. Labarin wutar kuwa na ɓoye masa, na ajiye shi sai ƙarshe, yadda ake tura tsokar nama gefen kwano. Na ce in mun koma gida zan nuna masa abin da ya fi duk waɗannan tsufa.

La'asar ta yi muka shiga gida. Na durƙusa gaban murhu na tona. Na tura hannu cikin toka har wuyan hannu. Sanyi ƙalau. Na hura, na sake hurawa, toka ta cika mini ido.

"Inna, kada ki wahala, ga ashana."

"Mayar da ita aljihu, Malam."

Sai a lokacin na ba shi labarin, ina zaune a ƙasa. Bai rubuta ba. Ya ce shi ne ya jawo. Na ce ba shi ba ne. Baƙo bai san gungume ya ƙare ba. Ni ce na ji daɗin magana.

Washegari na ɗauki kasko na nufi bakin titi. Ai kowace mace da garwashinta ta tashi, na ce ba za a rasa gida ɗaya ba. Na fara da gidan ɗana. Matarsa ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Wallahi Inna, gas muke kunnawa." Na shiga gida na gaba, risho. Na gaba gawayi, amma da leda da ashana aka tayar da shi. Wata yarinyar mace ta ce, "Wuta ai wuta ce, Inna, in zuba miki?" Na yi mata godiya na wuce.

Na ƙare a ɗakin Goggo. Tana kwance, ta rame, amma idon nan na nan. Ta dubi kaskon, ta dube ni.

"Ta mutu?"

"Ta mutu. Taki fa?"

"Tawa kwana uku ta yi. Tun da na zo ba a bar ni na matsa kusa da murhu ba." Ta ja ƙafarta ta ba ni wuri a bakin gado. "Zauna, matar marini."

"Mai ɗiban wuta ba ya zama."

"To wa ya ba ki wutar da za ki yi sauri da ita?"

Na tsaya riƙe da kasko har hannuna ya gaji. Sannan na ajiye shi a ƙasa na zauna. Da yamma ɗana ya je ya kwaso kayana da awakina.

Malamin ya sake zuwa bayan wata biyu, ya same ni a bakin titi. Ya ce bai san me zai rubuta a ƙarƙashin hoton garin ba. Na ce ya rubuta abin da ya fara kiransa, yanzu gaskiya ne. Littafin ya fito, an ce mutane kan je jefi-jefi su ɗauki hoto a gindin kuka. Shi kuma an yi masa canjin makaranta zuwa wajen Lakwaya, ban ƙara ganinsa ba. Goggo ta kai kaka, ta ci sabon gero, ta rasu ranar wata Laraba. Ni na yi mata wanka. Ɗana ya shigar da garma tsakar gidanmu na da, ya ce bai taɓa ganin ƙasar da dawa ke so kamarta ba. Ni kuwa ina ɗakin nan mai silin. Ana kawo mini tuwo da zafinsa, safe da yamma, ba na tambayar da me aka dafa shi.