Farar Safar Agogo

Shekara talatin da ɗaya Baba Bes ya yi yana tsayawa wuri ɗaya a kan dandalin otal: can baya, hagu da mai ganga, inda fitila ba ta haskawa sai in ta yi kuskure. Jitar bes yake kaɗawa, babbar nan mai waya huɗu da murya mai kauri, wadda mutane ke taka rawa a kanta su koma gida suna yabon mawaƙi. Matarsa tana da hotunan ƙungiyar cike da jaka. A yawancinsu kafaɗarsa ce kawai ta fito, a ɗaya kuma an yi sa'a an samu kunnensa. Abin haushi ne, amma shi ko a jikinsa.

Kiɗa bai taɓa riƙe masa gida ba. Daga Litinin zuwa Asabar mai gyaran fanka ne, a wani ɗan tsukukun shago da ke manne da na mai aski. Fankoki marasa kai a jingine, gwangwanin madara cike da noti, ga warin ƙonanniyar waya da ya kama har rigarsa ta fita. Ran Lahadi da la'asar ne yake wanke hannu da sabulu sau biyu, ya saɓa jita ya nufi otal.

Shi kuwa mai askin, gardama ce abincinsa. Sai ya bar mutum da rabin kai a aske ya tsaya nuna masa bidiyo a waya, wai a faɗa masa wane mai bes ne ya fi kowa a duniya, wane mai ganga ne babu na biyunsa. Kowa da gwaninsa. Wannan ya ce wani mai dukan wayar jita da babban yatsa, wancan ya ce wata mata mai buga ganga ba takalmi. In abin ya ƙi ƙarewa sai mai aski ya leƙo.

“Baba, zo ka raba mu. A duk masu gangar duniya wa ka fi so?”

“Agogo,” in ji Baba Bes, ba tare da ya ɗago daga fankar da yake kwancewa ba.

“Haba Baba! Ana maganar manya kana kawo mana ɗan gayun nan mai farar safa?”

Sai shago ya bushe da dariya, shi ma ya ɗan murmusa. Kullum amsar ke nan.

Agogo shi ne mai gangar ƙungiyarsu. An laƙaba masa sunan ne don in ya kama kiɗa ba ya gaba ba ya baya, ko da rufin otal zai faɗo. Gajere ne, mai yawan tsokana, kuma ba ya hawa dandali sai ya tuɓe takalmi ya zauna da farar safa fes, ya naɗe ƙafar wando har ƙauri. Babu irin tsiyar da ba a yi masa ba a kan safar nan. Baba Bes ma ba ya raga masa, yakan ce, “Kai dai da a ce ana auren safa, da tuni ka yi huɗu.”

Abin da Baba Bes bai taɓa gaya wa kowa ba, har matarsa, shi ne ya fi shekara ashirin rabon da ya ji kiɗan Agogo sosai. Farantan ƙarfen nan da mai ganga ke duka suna daidai kunnensa na dama, su suka fara cinye shi. Daga baya na hagun ma ya soma bin sahu. A shago yana iya hira in mutum na gabansa, amma da zarar an kunna lasifika a dandali, komai sai ya haɗe masa ya zama gurnani ɗaya. Muryar jitarsa kawai yake ji, ita ma a ƙirji da ciki. Ya san ranar da aka gane, ranar zai ajiye jita, don babu mai riƙe kurma a ƙungiyar kiɗa. Sai ya samo dabara: ya daina sauraro, ya koma kallo. Daga inda yake tsaye yana hango ƙafar Agogo ta dama a kan fedar babbar ganga. Dunduniya ta ɗaga, ya shirya. Ta sauka, ya ja waya. Mutane suna cewa Baba Bes kunya gare shi, kullum kansa a sunkuye. Ya bar su a haka.

Wata Talata da hantsi, Agogo yana wanke fuska a tsakar gida, ya yanke jiki ya faɗi. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, ɓarin dama. Baba Bes ya je asibiti sau uku, ya zauna kusa da gadonsa, ya dawo. Bayan an sallamo Agogo kuwa ya kasa zuwa gidan. Ba rashin zumunci ba ne, tsoron ganin ƙafar yake.

Oga, wato mawaƙin da ke shugabantar ƙungiyar, bai ɓata lokaci ba. Ya ce neman sabon mai ganga wahala ce, ga kuma fiyanon zamani da ke da ganga a cikinsa, a danna maɓalli kawai ta yi ta bugawa, ba ta ciwo ba ta makara. Ya kira gwaji ran Laraba da rana a ɗakin ajiya na otal, cikin kujerun roba da aka jibge har rufi.

Baba Bes ya tsaya a wurinsa na kullum, don ƙafarsa ba ta san wani wuri ba. Damansa babu kowa, sai tabon da gangunan suka bari a kan kafet. Mai fiyano ya danna maɓalli. Baba Bes ya ga kawunan mutane sun fara kaɗawa, ya ji gurnanin nan ya taso, ya duba ƙasa bai ga komai ba. Ya bi kan Oga, ashe Oga ba ya kaɗa kai daidai da kiɗa, tun da can ma haka yake. Ya koma kan kafaɗar mai fiyano, ita ma ba ta da alƙibla. Ya dai yi ta maza ya shiga.

Oga ya ɗaga hannu, aka tsaya.

“Baba, lafiya? Kana gaba da mu da taku guda.”

“A sake,” in ji Baba Bes.

Aka sake. Wannan karon a baya ya tsinci kansa. A karo na huɗu kiɗan ya tsaya cak, shi bai sani ba, ya ci gaba da jan waya shi kaɗai har sai da ya ga duk an juyo ana kallonsa. Gumi ya keto masa. Mutumin da ya shekara talatin ba a taɓa juyowa an dube shi ba, yau ga idon mutum biyar a kansa, har da na mai shara.

Oga ya ja shi gefe. Ba mugu ba ne, gajiyayye ne kawai kamar kowa.

“Baba, na san rashin Agogo ne ke damunka, mu ma yana damunmu. Je ka huta. Ran Asabar mu sake gwadawa. In abin bai zauna ba, ka san fiyanon nan har bes yana da shi.”

“Na sani,” in ji Baba Bes.

Kwana biyu ya yi a shago yana kwance fanka ɗaya yana mayarwa. Mai aski ya leƙo da gardamarsa, ya ga fuskar, ya koma da abarsa. Ran Juma'a da la'asar Baba Bes ya rufe shago da wuri. Ya saɓa jita, don ya yanke shawarar kai ta gidan Agogo ya jingine ta kusa da gangunan, su tsufa tare. Asabar kuwa ba zai je ba. Gara a ce Baba ya gaji, da a ce Baba ya kurmance.

Matar Agogo ce ta amsa sallama, hannunta duk kumfa.

“Yaya, sai yau? Ai mun yi fushi. Kullum sai ya tambaya ko ka zo.”

“Ki yi haƙuri, ƙanwata. Ban kyauta ba.”

A igiyar shanya ya ga safa farare sun fi ƙafa goma, suna ɗiga. Ya kawar da kai.

Agogo yana zaune a falo kan kujera mai hannu, an tokare shi da matashi. Ya rame, bakinsa ya ɗan karkace, amma idon nan na tsokana yana nan. Gangunan suna kusurwa an lulluɓe su da tsohon zanen gado, an ɗora kwandon magani a kai. Maganarsa a hankali take fita, dole Baba Bes ya jawo kujera ya zauna dab da shi yana kallon leɓɓansa.

“An ce injin gangar nan ya kayar da kai,” in ji Agogo.

“Wa ya gaya maka?”

“Mai fiyano. Ya ce sau huɗu.”

“Tsufa ne. Na gaji, mutumina. Hannu ya ƙi.”

“Hannu?” Agogo ya yi wata 'yar dariya da rabin baki. “Hannunka lafiyarsa ƙalau. Injin ne ba shi da ƙafa.”

Baba Bes ya ji kamar an tuɓe masa riga a tsakiyar kasuwa.

“Kana tsammani ni ɗan gayu ne?” in ji Agogo. “Ni da ko wanka sai an yi faɗa da ni? Tun ranar da na ga ka daina kallon mutane ka koma kallon ƙasa na gane. Baƙin takalmi a kan baƙin kafet, a wurin da ba fitila, me za ka gani? Washegari na sayi safa.”

Matarsa ta leƙo daga ƙofa tana goge hannu. “Shekara ashirin da biyu ina wankin safa, Yaya. Na ce masa ya sayi masu ruwan toka ya ƙi. In ta ɗan yi dauɗa sai ya ce ba za a gani ba. Na ce wa zai gani? Ya ce ba ruwana.”

“Kuma ka bar ni ina yi maka tsiya,” in ji Baba Bes.

“To, da me za mu yi hira?” in ji Agogo.

Baba Bes ya sunkuyar da kai. Kunya ta kama shi, da baƙin ciki, da wata irin godiya da bai san inda zai ajiye ta ba. Ya ɗauka shi kaɗai ya sha wahalar ɓoye abin nan duk shekarun nan, ashe su biyu ne, har da mai wanki uku. Sunkuyawar da ya yi kuwa ta kai idonsa inda ya saba zuwa. Ƙafar dama tana kan tabarma, a karkace, ta ɗan kumbura. An sa mata farar safa.

“Kullum sai ya sa na saka masa,” in ji matar. “Wai ko za ka zo.”

Agogo ya nuna jakar jita da haɓa. “Me ka kawo ta yi?”

“Ajiyewa.”

“Ba a nan ba. Nan ba ɗakin ajiya ba ne. Fito da ita.”

Baba Bes ya zuge jaka. Babu lasifika, babu wayar lantarki, ya dai ɗora jitar a cinya ya sa yatsu inda suka saba zama. Agogo ya cije leɓe ya zuba wa ƙafarsa ido, jijiyar wuyansa ta tashi. Babban yatsa ya ɗan motsa a cikin safa. Dunduniya kuwa ta ƙi barin tabarma.

“Yi haƙuri,” in ji Agogo yana haki. “Likita ya ce sai a hankali. Wata shida, ko shekara. Ko kuma shi ke nan.”

Gobe Asabar, kuma injin ba zai jira kowa ba. Baba Bes ya san haka, Agogo ma ya sani. Matar ta koma wajen wankinta.

“Kar ka yi sauri,” in ji Baba Bes, idonsa a kan safar, yatsansa a kan waya. “Ni ba na shiga sai ta ɗaga.”