Ranar da Aka Auna Saude da Ɗanta

Saude 'yar Tabotaki ce. Can aka haife ta, can ta yi aure, kuma duk garin an shaide ta da kunya. Da ta haifi ɗanta na fari, Hamidu, ta yi abin da ake so 'yar mutunci ta yi: ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, nono ma sai ta juya baya take ba shi. Amma in an watse an tafi gona, sai ta saki asabari, ta ɗora shi a cinya tana shinshinar wuyansa har ya ƙyalƙyale. Yaron ma ya gane tsarin. In da mutane, ba ya nufarta.

Mijinta Tanko yana ci-rani a Abijan. Yayarsa Lalla, wadda ke aure a Arlit ba ta taɓa haihuwa ba, ta zo ta kafa zama tana son a ba ta yaron riƙo da zarar an yaye shi. Surukar Saude, tsohuwa Kaltume, ita kaɗai ke jan ƙafa. Ba wanda ya tambayi Saude, tsoro kuwa har ya hana ta cin tuwo.

A 1977 wasu Nasara mata biyu suka kama gida a Buza suna binciken yadda jariri ke shaƙuwa da uwarsa. Ɗaki ne da tabarma da kayan wasa. Uwa ta fita, baƙuwa ta zauna da yaro, uwa ta dawo, su suna leƙe ta taga. Aikin ba na banza ba ne, don kowane yaro abu ɗaya ake masa, bambanci sai ya fito fili. Har sun gano wani da ke kare kansa da hannu in uwarsa ta shigo, ashe jibgarsa take yi. Amma ba su san zancen ɗan fari ba, kuma ba wanda ya ga dalilin gaya wa baƙi abin da ko akuya ta sani.

Maigari ya ce mata masu goyo su je, Lalla ta raka Saude. Da Saude ta fita daga ɗakin, Hamidu ya tsala kuka. Da aka ce ta koma, sai ta hango fuskoki a taga: ga Lalla, ga tafinta Iliyasu, wanda dangin mijin Saude ne. Ta shiga ta zauna bakin tabarma, ta ba yaron baya. Hamidu ya dubi taga, ya dube ta, ya haɗiye kukansa ya koma kan kayan wasa.

Nasaran suka ce wannan ya ɗaure musu kai, sai sun zo gida sun gani. Damina ta yanke hanya, ba su zo ba. Iliyasu kuwa ya riga ya gajarce maganar: "Sun ce yaron ga bai san uwatai ba."

Lalla ta san kunya sarai, a cikinta ta girma. Hujja take nema, ta kuma samu. Ta ce wa tsohuwa, "Inna, kin jiya? Nasara da kansu sunka auna. Ba ruwanshi da ita."

Kaltume ta kira Saude gaban matan gida ta ce, "In kina da magana ki hwaɗi."

Saude ta sunkuyar da kai. Matan suka yaba da tarbiyyarta. Ranar da kamyon, babbar motar kaya, ya tashi da Lalla da Hamidu zuwa Arlit, Saude tana daka, ba ta ɗago ba.

Ta sake haihuwa huɗu, ta yi musu wasa son ranta, tana soya ƙuli-ƙuli tana ciyar da su. Ba a taɓa jin ta tambayi labarin Arlit ba, ba kuma ranar da ba ta so tambaya ba.

A 1989 Tanko ya rasu. Hamidu ya zo gaisuwa, ɗan lakwal, wato ɗan boko, girman birni, bai san hani ba. Ya ratsa tsakar gida cike da mata ya tsaya a kan uwarsa.

"Ke ce Saude? An ce min ran da Nasara sunka auna ki, ko kallona ba ki yi ba. Gaskiya na?"

Idanu duka suna kanta. Sunansa ya taho mata har maƙogwaro. Ta kau da fuska ta dubi ƙaramar 'yarta.

"Zali, kai ma baƙon ga ruwa."

Bai sha ba. Da safe ya bi motar farko, bai sake zuwa Tabotaki ba.