Yadda Aka Kori Taubashina daga Zauren Waya

Ni ɗan mace ne, shi ɗan namiji. Mahaifiyata da mahaifinsa uwa ɗaya uba ɗaya suke, saboda haka tun ba mu iya riƙe fartanya ba al'ada ta riga ta sanya mu taubasai. A garinmu kuwa, nan kusa da Bici, ɗan namiji shi ne ubangida a wasan taubasantaka, ɗan mace shi ne bawa. Da wannan suna ya kira ni muna yara muna kiwon awaki, da shi ya kira ni ranar da aka ba ni shugabancin makarantar firamare, da shi kuma ya tarbe ni sa'ad da na sauka daga aikin hajji. Ni ma ban taɓa raga masa ba. Duk wanda ya tashi a wannan ƙasa tamu ya san cewa irin wannan magana ba zagi ba ce, zumunci ne.

Gidansa yana unguwar da ke bayan fadama, kuma gonakinmu sun haɗa iyaka. Muna da ƙarfi, ba ma kwana biyu ba mu haɗu ba, ko a gona, ko a kasuwa, ko a wurin suna. Da girma ya kama mu, sai ciwon gwiwa ya zaunar da shi. Kasuwa ta gagare shi, masallacin Juma'a ma sai an ɗauke shi a babur. Mutumin da ya saba cika majalisa da muryarsa ya koma yini a ƙofar gida, yana kallon kaji.

A cikin wannan hali 'ya'yanmu suka saya mana manyan wayoyi, irin waɗanda ake shafawa, suka kuma sanya mu a wani zaure na cikin waya wanda samarin yankinmu suka buɗe. Akwai na gida a ciki, akwai mazauna Kano, akwai waɗanda neman abinci ya kai su kudu. Ba a maganar siyasa a wannan zaure, ba a wa'azi, na'ura kawai ake tattaunawa. Wace waya ce take riƙe caji, wane farantin sola ne ba ya yaudara in hadari ya rufe rana, wace burauza ce, wato manhajar da ake shiga intanet da ita, ba ta cinye wa mutum data. In an gaji da wannan sai a koma gardamar wasan ƙwallo na cikin waya, kowa yana cika baki a kan ƙungiyar da ya haɗa, kai ka ce da ƙafarsa ya buga.

Na ji daɗin zauren fiye da yadda na yi tsammani. Na yi shekaru ina koyarwa, na san darajar wanda yake ba da saninsa ba da ƙyashi ba, kuma yaran nan haka suke. Taubashina kuwa rayuwa ce ta dawo masa. Bai yi boko ba, ajami ya iya, don haka da murya yake aika saƙo. Ya zama ba a wayewar gari bai gaishe da zaure ba, ya tambayi abin da ya shige masa duhu, ya yi wa masu wasan ƙwallo tsiya cewa ƙartin banza ne masu gudu da yatsa. Matarsa, wadda muke kira Inna, ta gaya mini cewa har abinci ya koma ci sosai.

Wata safiya a tsakiyar damina wani saurayi ya yi tambaya a kan burauzar da ta dace da ƙauyen da sabis ba shi da ƙarfi. Wannan abu ne da na sani, domin a gidana sai mutum ya tsaya kusa da rumbu kafin waya ta kama. Na rubuta masa amsa a tsanake, na bayyana masa cewa ya nemi mara nauyi, ya kuma hana ta buɗe hotuna sai ya bukata. Ban ajiye wayar ba sai ga muryar taubashina.

"Jama'a, kada ku saurari bawan nan nawa. Mutumin da sai ya rungumi rumbu kafin ya sami sabis, shi ne zai koya muku burauza? Wayar ma tsoronta yake ji, da yatsa ɗaya yake taɓa ta kamar mai gwada zafin kunu."

Na mayar masa da cewa a yi masa uzuri, domin yatsansa ya fi fuskar wayar faɗi, in ya nufi harafi ɗaya sai 'yan'uwansa su biyo shi, shi ya sa ya koma yi mana ihu. Yaran gida suka yi ta aiko da alamar dariya. Ya sake magana, ya ce bawa ba ya musu da ubangidansa, in ban yi hankali ba zai sayar da ni ya sayi batir.

A nan abin ya lalace. Shugaban zauren wani matashi ne mai gyaran waya a Kano. Asalin mahaifinsa garinmu ne, amma shi yaron a kudu aka haife shi, can ya girma, bai daɗe da dawowa arewa ba. Ya rubuta cewa dokar zaure ta hana cin mutunci, kuma ba zai zuba ido ana kiran dattijo bawa ba. Kafin wani ya ce uffan, sai ga rubutu ya fito a gaban kowa cewa an cire taubashina.

Na kira shi a waya, bai ɗauka ba. Washegari da hantsi na ɗauki sandata na bi ta cikin gonaki, gero ya kai kafaɗa, raɓa ta jiƙa mini riga. Na same shi a ƙofar gida. Da ya hango ni sai ya yunƙura da ƙyar ya gyara mini tabarma, abin da bai taɓa yi ba tun da muke.

"Sannu da zuwa, Alhaji. Ina kwana? Yaya iyali? Yaya ruwa?"

Na amsa, na zauna. Ya sa aka kawo mini fura a ƙwarya mai kyau, irin ta baƙi. Na tsokane shi cewa yau bawa ya sami 'yanci ke nan, sai ya ce, "Allah ya kyauta, Alhaji, ai an girma." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Taubashin da ya koma girmama ka ya fitar da kai daga zuciyarsa ne, ko kuwa an karya masa tasa. Inna ta biyo ni zuwa bakin danga sa'ad da zan tafi, ta ce tun jiya ya kashe wayar ya tura ta ƙasan akwati. Ya ce mata a tsawon rayuwarsa ba a taɓa tashinsa daga majalisa ba, sai yanzu da furfura, a gaban 'ya'yan cikinsa.

Da na koma gida na kira shugaban zauren. Yaro ne mai ladabi, kuma na fahimci cewa mutuncina ya yi nufin karewa. Na yi masa bayanin ɗan mace da ɗan namiji, ya saurara, sa'an nan ya ce, "Baba, wallahi ban sani ba. Amma abu ne mai sauƙi, yanzun nan zan mayar da shi." Ya kuwa mayar da shi. Da yamma ɗan taubashina ya kunna masa wayar ya nuna masa cewa an dawo da shi. Tsohon ya ce a nuna masa inda ake fita, ya sa yatsansa ya fita da kansa.

Matashin ya sake kirana, muryarsa a sanyaye. "Baba, na mayar da shi ya fice. Me kuma ya rage?"

Na ce masa, "Ɗana, a wurinku cirewa da mayarwa taɓa gilashi ne. A wurinmu, dattijon da aka tasa daga zaure a bainar jama'a ba ya dawowa don an buɗe ƙofa. Zuwa ake yi a same shi a gidansa."

"Har gida, Baba? Saboda zauren waya?"

"Shi ba shi da wani zauren yanzu sai wannan."

 Sai ya tambaye ni abin da ake riƙowa. Na ce goro ya isa.

Ranar kasuwa ya rufe shagonsa ya hau mota daga Kano. Na tarye shi a bakin titi muka taka tare, yana ta kaffa-kaffa da takalminsa a cikin laka. Da muka isa ya tuɓe takalmin tun daga nesa, ya durƙusa, ya ajiye ƙunshin goro a gefen tabarma, ya ba da haƙuri da Hausarsa mai ɗan gargada. Taubashina bai dubi goron ba, bai dube shi ba, gonar da ke gabansa yake kallo. Sai can ya ce, "Ɗan wane ne kai?"

Matashin ya faɗi sunan mahaifinsa da na kakansa. Na ga taubashina ya juyo a hankali.

"Maƙerin bakin kasuwa? Kai jikansa ne?"

"Ni ne, Baba. Amma ban riske shi ba."

"Tare aka yi mana kaciya da kakanka, shi ya fi kowa kuka." Ya ƙare masa kallo daga sama har ƙasa. "Ashe gado ka yi. Kakanka bai taɓa ƙera fartanyar da ta ga ƙarshen damina ba. Yanzu kai kuma waya kake gyarawa? Allah ya jiƙan wayoyin mutane."

Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Haka ne, Baba. A yi haƙuri." Ya ɗauka faɗa ake yi masa. Ni kuwa na san abin da ya faru. Jikan sa'anka jikanka ne, kuma tsakanin kaka da jika akwai wasa kamar yadda yake tsakanin taubasai. Na zunguri matashin da sandata na ce masa a hankali, "Rama. In ba ka rama ba, ba ka karɓi yafiyar ba."

Ya dube ni a tsorace. Na raɗa masa cewa jika namiji mijin kakarsa ne, ya nemi hanya ta nan. Ya juya wurin taubashina, ya ce, "To Baba, tunda ni jika ne, ai Inna matata ce. In ba ka karɓi goron nan ba, da ita zan koma Kano, in bar ka da kajinka."

Daga bayan zana muka ji Inna ta ce, "Maigidana, ka daɗe ba ka zo ba. Jira in ɗauko mayafina, dama na gaji da wannan tsoho."

Taubashina ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya jawo ƙunshin goron ya kwance, ya zaɓi fari ya ɓare, ya ce goron ma irin na marowata ne. Sa'an nan ya dube ni ya ce, "Kai bawa, zaman me kake yi? Shiga ka ce a ba ka wayata."

Na tashi na shiga, ban ko tsaya ɗaukar sanda ba.

A nan kan tabarma matashin ya mayar da shi zauren, ya kuma rubuta wa jama'a da kansa cewa kuskure ya yi, ya bayyana musu abin da ya koya. Kafin mu sha fura, wani mazaunin kudu ya rubuto yana tambaya ko 'ya'yan ƙanwar mahaifinsa su ma taubasansa ne, domin shi gaisuwa kawai yake yi da su kamar baƙi. Taubashina ya karɓi wannan tambaya ya yi ta bayani da murya, yana lissafa wa yaro danginsa gida gida, har da waɗanda yaron bai san da su ba.

Da la'asar na raka matashin zuwa titi. Mun wuce fadama, sai ya rage tafiya ya ce, "Baba, ni ma ina da taubasai a garin nan?"

Na ce yana da su mana, goggonsa tana nan da ranta a unguwar gabas, 'ya'yanta maza suna noma albasa. Ya duba rana, ya duba hanyar titi, ya ce ai motar Kano ba ta ƙarewa da wuri. Muka juya muka bi ta gefen gonar dawa. A hanya na gargaɗe shi cewa mutanen gidan bakinsu da kaifi, kuma da takalman nan nasa na birni za su fara.