Gefen Kaset Ɗin da Babu Murya

Shekarun baya, wajen ƙarshen shekarun saba'in, lokacin da kuɗin fetur ya sa kowane saurayi ke yawo da rikoda a kafaɗa, ina koyarwa a wata firamare a Wudil. Ni ma da albashi ya ɗan kumbura rikodar na fara saya, tun kafin in sayi katifa. Wannan kaɗai ya isa ku san irin hankalina a lokacin.

Ina da wani aboki direban babbar mota, yana ɗaukar shanu daga kara zuwa Legas. Wata rana ya dawo ya jefo min kaset a kan tabarma, ransa a ɓace. Ya ce, "Mutanen Ikko sun cuce ni. Na ce a ba ni rege, an ba ni wani da bai iya waƙa ba. Surutu kawai yake yi a kan kiɗa. Ka juya ɗaya gefen kuma, ko surutun babu, sun manta ba su sa murya ba. Riƙe, kai ne mai jin Turanci."

Na saka. Ganga ce a hankali, da wata jita mai kaurin sauti da ake ji a ƙirji kafin a ji ta a kunne. Sai wani mutum ya fara magana. Ba ya rerawa, ba ya ɗaga murya, amma kowace kalma tana sauka daidai kan bugun gangar. Turancin Jamaika ne, ni kuwa da nake taƙama da Turanci a gaban 'yan aji, a kalma goma da ƙyar nake cafke uku. Na dai gane yana maganar rashin aiki, da tsadar haya, da wani ƙaninsa da aka kama ba laifi. Sai daga baya na san waƙe ne ake karantawa a kan rege, kuma da gangan ake barin gefe guda kiɗa zalla.

A lokacin akwai abin da ke damuna a gida, can Indabo. Mahaifina makaɗin gangar noma ne. Duk gayyar da za a yi a yankinmu shi ake kira, ya yi kiɗa ya wasa manoma har kowa ya manta da gajiya. Sai ya yi ciwon maƙogwaro. Ya warke, amma muryar waƙa ta tafi, saura wata dusasshiya ta magana. Ya rataye gangar a ɗaki, ya daina zama ƙofar gida, gaisuwa ma da ka yake amsawa. Mahaifiyata ta ja ni gefe ta ce, "Mutumin nan ƙarewa yake yi a zaune. Ba ciwo ba ne yanzu, shirun ne ke cin sa."

Ni ne ɗansa na fari, don haka tsakaninmu dama ba doguwar hira. Bai taɓa kiran sunana ba, saboda kunyar ɗan fari. "Kai" ne, ko "yaron nan". Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana kiran sunayen 'ya'yan wasu a gona, nawa bai taɓa fita daga bakinsa ba. Ban riƙe shi da komai ba, al'ada ce, amma ƙarya nake in na ce abin bai taɓa sosa min rai ba.

Wata Asabar da na je gida, bayan la'asar ina zaure da rikodata, na sa kaset ɗin don kaina kawai. Ban san mahaifina yana tsaye a bakin ƙofa ba sai da na ji an ce, "Kai, wannan wa yake wasawa?"

Na rage sauti na ce, "Ba kowa, Baba."

"To wa zai ba shi?"

"Ba roƙo yake ba. Halin da mutanensu ke ciki yake faɗa."

Ya shigo ya zauna a kan buzu, abin da ya daɗe bai yi ba. Ya saurara har ƙarshe, yatsunsa na bin bugun a kan gwiwa. Ya ce, "Shi ma ba shi da murya." Na ce yana da ita, haka dai salon yake. Ya girgiza kai ya ce, "Kuma mutane sun saya." Da kaset ya ƙare na juya, don in nuna masa inda aka cuci abokina. Kiɗan ya taso shi kaɗai. Na kai hannu zan kashe, ya ce, "Bar shi. Ai wuri aka bari."

Ya jira gangar ta zagayo, sannan ya fara magana da dusasshiyar muryar nan tasa. Bai wasa kowa ba. Ya ce wane ya sayar da garma ya sayi babur. Wane ya tafi Kano dakon siminti, gonarsa ta zama ta ciyawa. Gayya ta mutu kafin makaɗinta, makaɗin kuma ana wucewa ta ƙofarsa ba a leƙowa. Mahaifiyata ta baro turmi ta tsaya a bayan zana. Ya ci gaba yana lissafa waɗanda suka daina zuwa, har ya ce saura mutum ɗaya, mai tako keke daga Wudil duk Asabar, ba a yi masa kiɗa ba, ba a yi masa kirari ba, bai fasa ba. Sai ya faɗi sunana, daidai kan bugun gangar, bai kalle ni ba.

Na sunkuyar da kai kamar ni na yi abin kunyar. Shi kuwa ya miƙe ya ce in bar masa rikodar, in riƙa kawo batir. Mako na gaba a ƙofar gida na tarar da shi, tsofaffi sun kewaye shi, gangarsa a hammata, yana magana suna gyaɗa kai. Haka ya ci gaba har Allah ya karɓi abinsa. Sunan nawa dai bai sake faɗa ba, ni ma ban sa rai ba.

Tun daga nan nake bin irin wannan waƙen duk inda na ji shi, kuma na daina auna mai magana da zaƙin muryarsa. Ban ɗauki maganar mahaifina a kaset ba, domin rikoda ɗaya ce kuma ita ke kiɗan. Kaset ɗin yana nan a wurina. Abokina har ya tsufa yana cewa an cuce shi, gefen nan babu kowa a ciki. Ni kuwa har yau in na sa shi, na san daidai bugun da aka kira ni.