Takalman Ƙofar Masallaci

Duk abin da zan manta na shekarun farkon aurena, ban da ranar da na zaɓa mana unguwa da ƙirgen takalma. Har yau abin yana ba ni dariya, amma dariyar ba ta zuwa ita kaɗai, sai da ɗan ɗaci.

A lokacin muna haya a tsakiyar Illela, ni da maigidana da mahaifiyarsa da muke kira Inna. Shi ɗan kasuwa ne, yakan tsallaka Konni ta Nijar ya yi kwana uku ko huɗu. Inna kuwa hawan jini ya sa ta gaba, jiri kan kwashe ta ba sallama. Don haka da Allah ya hore masa canza gida, abu ɗaya na roƙa: maƙwabtan kirki, waɗanda in Inna ta faɗi ba ya nan, zan ɗaga murya su ji ni.

Gida biyu aka nuna masa. Ɗaya a bayan kara, inda ake cinikin shanu, ɗaya a sabuwar unguwa can bakin gari, ta hanyar Amarawa. Na bayan kara ko leƙa shi ban yi ba. Matan gidanmu sun riga sun gama mini bayani: ƙudaje, hayaniya, dillalai masu rantsuwa a kan ƙarya, da mata masu faɗo wa mutum gida ba a kira su ba. Babu wadda ta taɓa kwana can a cikinsu, amma kowacce ta san komai.

Ranar wata Lahadi da la'asar ya ɗauke ni a babur muka je sabuwar unguwar. Katangu dogaye, ƙyauren ƙarfe masu sabon fenti, ba kwata a hanya, ba awaki, ba kukan yara. Sai muka iso masallacinsu ana cikin salla. Takalma ne jibge tun daga ƙofa har bakin titi, sahu ya fito waje. Maigida ya shiga salla, ni kuma na tsaya daga nesa ina ƙirga takalman har na gaji na bari. Na ce a raina, mutanen da suka riƙe jam'i haka ba za su ƙi maƙwabciya ba.

Da ya fito na ce masa na gama zaɓe. Ya ce, "Yau fa Lahadi ta, ranar kasuwa. Ki bari mu dawo ran Laraba ki sake dubawa."

Na ce, "Mi za ni sake dubawa? Waɗanda sunka cika masallaci ran kasuwa, ai ran da ba kasuwa sai an ƙaro musu tabarmi."

Na daɗe ina jin daɗin wannan amsar. Ni a ganina ranar ce karatun sakandarena ya yi amfani.

Da muka tare, na yi abin da aka san baƙuwa da shi. Na jiƙa shinkafa, na soya masa cike da roba, na yi miya, na zuba a kwanuka na fita gaida maƙwabta. Ƙofar farko kwaɗo. Ta biyu kwaɗo. A ta uku na kanga ido a kafar ƙyaure, warin albasa ya bugi hancina, na hangi buhuna har kusa da rufi. Wani dattijo mai gadi da na samu a ƙarshen layin ne ya fahimtar da ni cewa duk rumbunan ajiya ne. Masu su suna cikin gari, wasu a Nijar. Ranar kasuwa kaɗai ake zuwa lodi, direbobi da 'yan dako su yi salla su watse. Ya karɓi kwano ɗaya ya yi godiya. Sauran ni da Inna muka yi kwana uku muna ɗumame.

A nan ya kamata in ce na yi kuskure mu tashi. Ban faɗa ba. Duk lokacin da maigida ya tambaye ni ya unguwa, sai in ce ai shirun nan ne nake so.

Wata biyu bayan haka, yana tsallake, Inna ta shiga kewaye za ta yi alwalar azahar. Sai na ji tim. Na same ta kwance a cikin ruwa, ƙafa ta juye, tana ta salati. Na yi na yi in ɗaga ta, na kasa. Na ɗauki waya, ta koma layin Nijar kamar yadda ta saba a wajen, kira ya ƙi fita. Na fita da zane a kai ina bugun ƙyaure ɗaya bayan ɗaya, ni da na fi kowa sanin albasa ba ta amsa sallama. Mai gadin ma ba ya nan.

Sai a bakin titi na ci karo da wata Bafulatana mai tallar nono. Ba ta tambaye ni ko ni wace ce ba. Ta sauke ƙwaryarta a gindin bishiya, ta tare wani mai amalanken jaki, mu uku muka ciccibi Inna. A hanya ta riƙe kan Inna a cinya, ta dube ni ta ce, "Ke ko mi ya kawo ki zama cikin buhuna? Mu a bayan kara ko tari kinka yi, sai mata biyar sun shigo miki."

Ƙugun Inna ya tsage, kuma ta yi kusan awa a kan siminti kafin mu ɗauke ta. Har Allah ya karɓi abinsa, da sanda take tafiya. Maigida bai taɓa ce mini uffan a kai ba, wanda ya fi faɗa ciwo. Inna ce dai a gadon asibiti ta jawo hannuna tana murmushi, ta ce, "'Yar nan, maƙwabtanki masu ibada ba su zo gaishe ni ba. Ko sai ran Lahadi?"

Daga asibiti bayan kara muka wuce da ita. Ƙudajen gaskiya ne, hayaniyar ma gaskiya ce, kuma ban taɓa ɗaga Inna ni kaɗai ba.

Abin da na koya shi ne ba a sanin unguwa a yini ɗaya, ba a kuma saninta a bakin wanda bai taɓa zama cikinta ba. Yanzu in wata ta ce in raka ta duba gida, nakan ce mu je ranar da ba komai, da tsakar rana, mu yi sallama mu ji ko akwai mai amsawa.